Hannun Tsatsa

Litinin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙarfin jiki? Umma ta ce maganinka sai an bi ka da shi kamar yaron goye. Wannan faɗan na ajiye shi sai mun haɗu.

Maganar Tsatsa ce ta sa na ɗauki biro, mugun nan da ka ƙirƙira a littafinmu na zane kafin ka bar ofis ka bar mini teburinka. Kamfani ya haɗa labarinmu da na 'yan ɗakin sama, ɗaya rukunin masu zane na ofis. Jaruminmu Bango da tasu jarumar Guguwa za su haɗu a fitowa ɗaya, su taru a kan mugu ɗaya, kuma Tsatsa aka zaɓa. A shafi na goma sha tara an ce in zana shi ya ɗora hannu a kan gadar gari, bas cike da mutane tana tsakiya, ƙarfen ya ruɓe kowa ya faɗa ruwa.

Na tambayi Edita me zai sa ya yi haka. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce mugu ba ya buƙatar dalili, jaruman ne ke buƙatar abin da zai haɗa su. Na ce ko ɓarawon kaza yana da dalilinsa. Ya ce ranar Juma'a ake kai aiki maɗaba'a, in zana ko a ba wani littafin gaba ɗaya.

Shekara biyu ina zana mutumin nan, hannuna ya ƙi yarda. Kai ka haife shi, sai ka gaya mini: me Tsatsa yake so? Ka amsa da wuri don Allah.

Ƙanwarka,
Auta

Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonka ya iso ta bakin Anti: wai zane ne kawai, in yi abin da aka sa ni, kar in zubar da aikina. Na ji. Ban yarda ba, kuma ka san halina.

Jiya na kwaso fitowa talatin da biyu da ka zana, na baje su a tsakar ɗaki har Umma ta rasa wurin taka ƙafa. Na bi su shafi shafi. Tsatsa ya cinye masana'anta, ya cinye ƙofar banki da jiragen ƙasa biyu, amma bai taɓa taɓa ƙarfen da mutum ke kai ba. Kullum sai ya jira an tashi daga aiki. Kuma duk hoton da mutum ya matso kusa da shi, hannuwansa suna cikin aljihu. Na ƙirga, sau tamanin da ɗaya. Asalinsa mai walda ne, da ƙarfe yake cin abinci, aka wayi gari duk ƙarfen da ya taɓa sai ya lalace. Wannan na sani tuntuni, ban dai tsaya na yi tunani a kai ba.

Sai na buɗe kwalin da ka bari a ƙarƙashin teburi, na ga zanensa na farko da fensir, da kwanan wata a gefe. Yaya, shekarar ce ka fara riƙe kofin shayi da hannu biyu. Shekarar ce ka koma tsayuwa hannu a aljihu, muna ta tsokanarka wai yanga ta kama babban mai zane. Sai bayan shekara uku ka gaya mana hannunka na rawa. Ashe tun lokacin kana faɗa mana duk wata, a takarda, mu muna yaba kyan zane.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushinka. Yanzu dai na san wanda ake so in sa ya kashe mutane a kan gada, kuma ba zan yi ba.

Taka,
Auta

Asabar

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Allah ya ƙara sauƙi. Gara ka ji daga bakina kafin Umma ta ƙara masa gishiri.

Ranar Alhamis na kai wa Edita nawa shafin. A ciki Tsatsa ya ji a jikinsa cewa gadar ta riga ta ruɓe ta ciki, sai ya tsaya a tsakiyar titi ya tare bas. Jaruman suka iso, suka ga tsohon mugu a gaban mutane, suka rufe shi da duka. Bai fito da hannu ya kare kansa ba, don sulken Bango ƙarfe ne kuma akwai mutum a ciki.

Edita ya daɗe yana kallo. Ya ce ya yi kyau, amma na mayar da jaruman kamfani wawaye, su kuwa su ake bugawa a jikin jakar makaranta. Ya ba wani ɗan ɗakin sama shafin, cikin awa biyu ya jefa bas a ruwa, har da Tsatsa yana dariya. Jiya aka kai maɗaba'a. An karɓe littafin daga hannuna, yanzu aikina shafa wa sararin sama shuɗi a zanen wasu.

Kar ka ce ai ka gaya mini. Ka gaya mini, kuma ko gobe aka sake haka zan yi. Edita ya ce ƙarshen shekara akwai fitowa ta musamman, kowa na iya kawo labari. Zan kai nawa, in ya ƙi in sake kaiwa, har ya gaji da ganin fuskata.

Abu ɗaya ya gagare ni: fuskar Tsatsa lokacin da ake dukansa. Na zana sau shida ban samu ba. Gobe da hantsi ina zuwa da takarda da fensir, kai ka faɗa ni in zana. Kuma ka ɗora hannunka a kan teburi, Yaya, ya yi ta rawarsa. Mu ba ƙarfe ba ne.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta