Ruwan da Ya Juyar da Kai a Hanyar Gaya

Zuwa ga yayana Arzika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girma irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ne Gado. Na san ba a aika wa mamaci takarda, kada ka fara yi mini dariyar nan taka. Jiya aka yi ruwa a Dogon Dutsi, tun safe nake kai da kawo tsakanin zaure da ƙofar gida, har matar ɗana ta tambaye ni ko wani abu na ɓatar. Haka nake duk damina in ƙasa ta jiƙa. Yau dai na ce bari in zauna in yi magana da kai, ko na samu sukuni.

Ka tuna shekarar nan ta zamanin Faransa da ka addabi kowa da zancen kogin Kwara? Fataken goro ne suka ɓata ka. Suka ce a Gaya akwai ruwan da ba ya ƙafewa, rani da damina tafiya yake yi. Mu da ba mu san ruwa ba sai na rijiya da na tabki, abin ya tsaya maka a rai. Ka sayar da gyaɗarka ka sayi tsohon keke hannun wani gardi, ɗan sandan Turawa, kana kwance shi kana ɗaurawa, har matarka ta ce da keken kake kwana a zuciya.

Ba ka bar mu mun huta ba sai da ka haɗa ayari. Ni ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko, an yi mana hutun bakans. Sai Tankari tela, sai Seyni, Bazabarmen nan na gidan waya, wanda a bakin kogin aka haife shi, yana ta mamakin mutanen da za su kashe ƙafafunsu don kallon ruwa.

Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce me ya hana mu tafiya da rani, lokacin da babu aikin gona. Ba su san rairayin ƙasarmu kafin kwalta ba. Da rani yashi haɗiye taya yake yi, kai za ka ɗauki keken. Sai an yi ruwa ƙasa ta kama, ita ma ba ta daɗewa take sakewa. Ke nan lokacin da hanya ke yi wa keke kyau, shi ne daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Gandun gidanmu kuwa a wuyanka yake, tun da idon Baba ya mutu.

Ka yi shuka da ruwan fari, hatsi ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Kullum da safe kana gona kana hararar sama. Ranar da aka ɗan yi yayyafin da ya kwantar da yashi, ka dawo kana cewa hatsi ya farfaɗo, a ɗaure kaya. Ni na ga hatsin nan, Yaya, bai farfaɗo ba. Kai ne kake son ya farfaɗo.

Muka bi kwarin Dallol muka miƙa kudu. Har yanzu in na rufe ido ina ganin jan dutsen nan a gefe yana rakiyarmu, tsakiya kore shar, shanun Fulani sun bazu, rijiyoyi kusa-kusa har ana ɗiba da gajeriyar igiya. A Kore Mairuwa yara suka bi mu da gudu har bayan gari. Tankari ya tsaya gyara hula ya faɗa cikin ƙaya, muka yini muna yi masa tsiya.

Kai kullum kana gaba, a tsaye kan feda, rigarka ta cika da iska. In mun zauna shan fura, kafin mu ajiye ludayi ka riga ka matsa tayar kowa ka ji iskarta. Abin da kake ta maimaitawa shi ne, "Ku tashi, kogin ba shi zuwa inda muke." Na ji haushinka a tafiyar nan ba kaɗan ba, cinyoyina kamar ba nawa ba.

Mun wuce Guéchémé, giginya ta fara yawa, sai hadari ya taso daga wajen gida da la'asar. Muka fake a zauren wani ƙauye. Aka yi ruwa na gaske, irin wanda ake jira. Da gari ya waye hanya ta yi tauri kamar daɓe, Seyni ya ce da irin wannan ƙasa jibi muna wanka a kogi. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarka irin na safiyar nan ba.

Sai muka fara ratsa gonaki. Ko'ina mutane ne, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Na ga gudunka ya ragu. Ka sauka ka gaida wani dattijo, ya ce shukarsu ta fari ta ƙone, sakewa suke yi. Ka juyo ka dube ni. Idan ta kwari mai sanyi ta mutu, ina ga tamu ta tudu? Ka tsuguna ka tura hannu cikin ƙasa, ka daɗe a haka. Sannan ka ce, "Laimag ga guda ta. In ta kai ni Gaya, ba ta kai ni gona."

Na ce ni zan koma, tafiyar ai taka ce. Ka ce da wannan gudun nawa kafin in isa ƙasa ta bushe, kuma hannun alli bai san sungumi ba. Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ka kwance famfo da robar faci ka ɗaura a kekena, ba ka bar wa kanka komai ba. Ka ce in buɗe ido da kyau, don tambaya za ka yi.

Mun isa, Yaya. Na tsaya a bakin kogin, Tankari na salati, Seyni ya tuɓe ya faɗa. Ni kuwa baƙin ciki ne ya cika ni. Abin ya fi yadda fatake suka faɗa, kuma wanda ya kamata ya gani ba ya wurin.

Da muka dawo na tarar yadda ka zata haka ne. Shukar fari ta mutu ƙurmus, ka sake, kuma hatsin nan shi muka ci har wata damina. Amma tambayoyinka sun hana ni sakat. Faɗinsa ya kai daga gidanmu zuwa gindin dutse? Ƙara yake yi ko shiru? Duk yadda na kwatanta sai ka girgiza kai ka ce an yi asarar ido a wurina.

Kowace shekara sai ka ce baɗi. Baba ya rasu, yara suka ƙaru, ruwa bai taɓa sauka ranar da ba ka da aiki ba. Da motoci suka yawaita na roƙe ka mu je, ka ce ba za a kai ka kamar buhun gyaɗa ba, da ƙafarka ka faro, da ita za ka ƙarasa. Taurin kanka bai da magani.

Sai a ciwonka na ƙarshe ka gaya mini abin da ban sani ba. Ka ce ranar nan ba gida ka nufa kai tsaye ba. Dutsen gefen kwari ka hau, kana kallonmu har muka shige cikin giginya. Da ka sauko ka juya kan keken kudu, har ka taka feda, sannan ka tuna Baba zaune a ƙofar gida yana jin ƙanshin ƙasa, ba shi da mai fita masa gona. Ka faɗa kana murmushi, ni na kasa riƙe hawaye.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya saka maka da kowace ƙwayar hatsin da muka ci daga guminka. Ya zaunar da kai inda ƙoramu ke gudana ba sa ƙafewa, inda ba wanda zai ce ka juyo. In ka isa, ka duba da kyau. Wannan karon ni ke da tambaya.

Ƙanenka da bai daina kewarka ba,
Gado