Ƙasar Sawunki, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, 'yarki Rabi ce daga unguwar Ka'akiyya a nan Makka. Muna nan lafiya, ni da jikanki Sale da iyalinsa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Ko da kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, sai dai ki sa ni in karanta miki, kina tare ni kina cewa Hausata ta sha Larabci har ta ƙoshi. To amma labarin da ke bakina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma ke ce mai shi. Masu leƙowa su karanta, bismillah, amma su sani ba da su nake ba.

Inna, na samo mutanenki.

Bari in fara daga farko saboda jikokinki, waɗanda suke zaton a Makka Allah Ya halicci Bahaushe. Kina da shekara bakwai Goggo Delu, ƙanwar babanki mai riƙonki, ta ɗaura niyyar gabas ita da mijinta. Da ƙafa kuka taso. Kun yi shekaru a hanya, ku tsaya ku yi tsintar auduga a Sudan, ku ƙara gaba. Mijin Goggo bai ga teku ba, can kuka binne shi. Ku biyu kuka hau jirgin ruwa, ku biyu kuka iso, kuma ba wanda ya taɓa kai labari gida.

Duk wannan na sani tun ina yarinya. Abin da ban sani ba sai a ciwonki na ƙarshe kika faɗa min, wata la'asar ina shafa miki man zaitun a ƙafa. Kika ce: "Rabi, da munka hita na waiwaya. Kowa na ɗaga muna hannu, ita ko innata tana duƙe bakin gida tana tonon ƙasa. Ko kallona ba ta yi ba." Sannan kika ce: "Ki nemo su, ki ce musu mun iso. Ko sun manta da ni, ki hwaɗa musu."

A ranar na gane dalilin da ya sa ba ki taɓa tambayar Goggo sunan garinku ba har ta rasu. Fushi kike yi, Inna. Fushin yarinya 'yar shekara bakwai kika tsufa da shi, ba wanda ya sani. Ni ma na taya ki, na yi ta jin haushin tsohuwar da ban taɓa gani ba.

Me kika bar min in yi nema da shi? Tsagen Gobirawa a kumatunki. Rijiya mai ruwan zartsi, da itatuwan gawo uku a gefenta. Ciyawa mai shanye ƙafafun raƙumi idan damina ta yi kyau. Wata yayarki Kande, wadda take goya ki alhali ba ta fi ki girma da yawa ba. Da sunan da ake kiran ki a gida, Tanoma, don lokacin noma aka haife ki. Shi ke nan. Kin san kuma takarduna ba na fita ba ne, idan na fita ƙasar nan dawowa sai wani ikon Allah.

Sai na ga ai ba sai na je ba. A Makka nake, duniya ce take zuwa ta same ni. Duk shekara idan aikin hajji ya zo ina dafa wa alhazan Nijar abinci a wata amara, wato benen da ake sauke su, a unguwar Aziziyya. Na mai da wurin rabon tuwo wurin tambaya. Duk wadda na ga tsage a fuskarta, sai ta ba ni labarin rijiyar garinsu kafin in zuba mata miya.

Na sha dariya, Inna. Wata ta ce min rijiya da gawo ai kamar in ce ina neman gida mai ƙofa ne. Wata kuma da ta ɗanɗana miyar kukata ta rantse ita ce 'yar ƙanwarki, ba ta fasa ba sai da naman tukunyar ya ƙare. Sale ya buɗe min taswira a jawwal ɗinsa, wato wayarsa ta hannu, ya yi ta ja da yatsa, ba komai sai fili ruwan ƙasa, ya ce: "Ya Ummi, khalas, ki haƙura. Wajen nan ba mutane." Na ce masa daga inda ba mutanen ya fito, da hancinsa da komai. Amma a raina na fara karaya, don hajji shida na yi ina wannan tambaya, kuma na san idan Kande tana raye ba jira na shekaru suke yi ba.

A na bakwai Allah Ya haɗa ni da Hajiya Mariyama. Ma'aikaciyar rigakafi ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin ƙauyukan arewa da Dakwaro tana ɗiga wa yara magani, ba bukkar da ba ta sa kai ba. Bayan an dawo daga Mina ta shigo madafa neman ruwan zafi, na jero mata karatuna na kullum. Ita ma ta ce rijiyoyin zartsi suna da yawa. Ban san abin da ya taso min ba, gajiya ce ko zafin murhu, sai na ji bakina yana cewa ai ma wahalar banza nake yi, mutanen da uwa za ta duƙa tana tonon ƙasa 'yarta tana tafiya, me za su tuna?

Ta ajiye butar. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce: "Wayyo ɗiyar Makka! Ba ki san mi taka yi ba? Sawunta taka kwasa." Ta ce a can, idan naka zai yi tafiyar da ba a san dawowarta ba, ana kwashe ƙasar da ƙafarsa ta taka a bakin gida, a ƙulle a tsumma, a rataye a ɗaka, da fatan ƙafar ta dawo inda ta bari. Ta ce: "Kuma da sauri aka yi, tun masu rakiya ba su tattake shi ba. Ina ta ga lokacin ɗaga hannu?"

Inna, sai na zauna a kan buhun shinkafa. Na yi kuka har Hajiya Mariyama ta sauke min tukunyar da ta fara kamawa. Abin da ya fi ci min rai shi ne a ce amsar tana nan a bakin mata da yawa da kika zauna da su a garin nan, ke kuma kin kulle maganar a ciki ba ki ba kowa dama ya warware miki ba.

Da za ta koma ta ce in daina neman gari, ita za ta nemi rataya. Duk ƙauyen da ta shiga za ta tambayi tsofaffi gidan da aka rataye sawun yarinyar da ta yi gabas. Na ba ta hotonki na iƙama, katin zaman ƙasa, wanda kika tsuke baki kamar mai hoton ya zage ki.

Wata huɗu shiru. Ranar nan ina yankan kuɓewa saƙo ya shigo daga Hajiya Mariyama, hoto mai motsi. Inna, na ga ƙasarku. Ni da na buɗe ido a tsakanin duwatsu, duk inda na juya dutse ko bene, ban san Allah Ya shimfiɗa ƙasa haka ba. Ciyawa ce iyakar ganin ido, iska tana kwantar da ita tana tashi, ba gini, ba tudu sai ɗaya can nesa, sama ta sauko ta kowane gefe ta taɓa ƙasa. Ga shanu ja masu dogayen ƙaho, ciyawar ta kai musu ciki. Sai mai ɗauka ta juya, ga rijiya, ga gawo biyu a tsaye da kututturen na uku. Na yi ta cewa Allahu Akbar ni kaɗai a madafa. Ta yaya ƙafar yarinya ta taso daga can ta iso nan? Sale ya auna min nisan a taswira, na ce ya rufe, kaina ba zai ɗauka ba.

Sunan garinku Garin Tunau. Kakanki ne Tunau, shi ya haƙa rijiyar, ya zo da iyalinsa daga kudu neman ƙasar noma. Babanki yana kwance gabas da ita, innarki a kusa da shi. Kuma Kande tana raye.

Waya ba ta kamawa a garin sai a kan tudun nan. A amalanken shanu aka ɗauko Kande aka hau da ita. Da fuskarta ta cika jawwal ɗina sai da na ja baya, don ke na gani, da tsagen, da tsuke bakin, har da yadda kike karkata kai idan ba ki ji da kyau ba. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce: "Ke ta ɗiyar Tanoma? Ta isa?"

Na ce: "Ta iso, Inna Babba. Ta ce in faɗa muku sun iso."

Ta ɗaga kai ta yi guɗa. Muryar ba ta da ƙarfi, ta tsinke a tsakiya, matan da ke bayanta suka karɓa. Saƙon da ya yi shekara fiye da sittin a hanya, na isar miki da shi, Inna. Sannan na faɗa mata kin rasu. Ta yi salati, ta ce ta sani tun da ta ga ni ce a waya ba ke ba.

Sai ta zaro shi daga bakin zanenta. Ɗan ƙulli ne baƙi ƙirin saboda hayaƙi. Ta ce duk shekarar da aka sake jinkar ɗaki, innarku da hannunta take sauke shi ta mayar. Shekarun yunwa sun tashi garin sau biyu, an bar tukwane da turmi, ba a bar shi ba. Mutane sun ce a yi miki sadaka, innarku ta ce ita ba ta sadakar wanda ba a ce mata ya mutu ba. Da za ta cika ta damƙa wa Kande, ta ce kada ya taɓa ƙasa sai Tanoma ta zo.

Ba su manta ba, Inna. Kullum kina rataye a saman kansu, suna ci suna kwana a ƙarƙashinki.

Na tambaye ta yanzu yaya za a yi da shi. Ta juya shi a hannu, ta ce: "Ƙahwa ba ta dawo ma sawu ba. To sawun shi tahi wurin ƙahwa." Da sanyi ya shigo, wata mai umara daga wajen su Hajiya Mariyama ta kawo min shi a cikin safa.

Na daɗe ina tunanin inda zan kai shi. Kabarinki ba alama, kamar na kowa a garin nan, kuma ni mace ba shiga maƙabarta zan yi ba. Sai na tuna yadda kike sa mu kai ki Muzdalifa idan an yi ruwa, lokacin da ba alhaji ko ɗaya, ki zauna a tabarma kina kallon 'yar ciyawar da ta tsiro. Muna ce miki me za a gani a fili? Ki ce nan kaɗai idonki yake miƙe ƙafa. Yanzu na san abin da kike kallo.

Jiya da la'asar Sale ya kai ni. A hanya ya ce kada in mai da abin ibada, na ce ƙasa ce kawai zan mayar wa ƙasa. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Tsumma uku ne, wani cikin wani, na can ciki saƙi ne da ya zama kamar yanar gizo. A tsakiya ga yashi ja mai laushi, bai cika tafin hannuna ba. Sale, da gemunsa da 'ya'yansa biyu, ya durƙusa ya taɓa da yatsa, ya ce da 'yar Hausarsa: "Ƙafar Kaka ƙarama." Ya juya min baya ya daɗe yana goge gilashin mota.

Na zuba shi a gindin ciyawa. Tsumman kuwa na dawo da su, suna rataye a bakin ɗakinki.

To Inna, ga abin da na zauna in rubuta miki. Da kika waiwaya kika gan ta a duƙe, ke take tattarawa. Ki sauke fushin nan haka. Ni na sauke nawa, na kuma nemi gafarar Allah a kan zargin da na yi wa kakata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan ta, Ya jiƙan Goggo Delu da mijinta da ke kwance a hanya. Allah Ya ƙara wa Inna Babba lafiya, Ya zuba albarka a rijiyar Tunau da duk mai sha daga gare ta. Ya haɗa ki da innarki a inda ba a rabuwa, ta ɗago kai ta dube ki har ki gaji.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Rabi