Alamar Tauraro a Gaban Sunanki

Zuwa ga Daryna, sanyin idona, hasken ranar da ke narkar da ƙanƙarar Jan Kogi, ƙamshin gonar alkama bayan yayyafi,

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ban san ko wasiƙar so ce ko ta neman gafara ba, kuma ina tsoron idan kin karanta ta a matsayin ɗaya, za ki ƙi karɓar ɗayar.

Kin tuna ranar da kika shigo ɗakin adana tarihi, dusar ƙanƙara a kan hularki, kika ce kina neman mahaifiyar kakarki, Paraska Hnatiuk? Na rubuta sunan a na'ura, ba ta kawo kowa ba. Na gaya miki ma'aikatan tashar jirgin ruwa na wancan zamani, masu rajistar baƙin da suka sauka, kowa da yadda ya ji suna yake rubutawa. Sai na goge harafin farko, na sa alamar tauraro a gurbinsa, wadda ke nufin ko wane harafi ne a nan, kawo shi. Kika yi dariya kika ce, "Ashe har na'ura ta iya cinta." Sunaye suka zubo, ga Paraska, ga hotonta da ɗankwali mai furanni. Kika dafa kafaɗata. Daryna, tun daga lokacin ban sake tunani daidai ba.

A rumbun bayananmu kowane suna ɗaure yake da wasu: wance ta auri wane, ta haifi wance, ta sauka a gari kaza. Aikina ne in bi waɗannan zaruruwa har ƙarshe kafin in ce wa mutum ga naka. Shekara tara ban taɓa tsallakewa ba. Ranar na tsallake, don hannunki yana kafaɗata.

Jiya na koma na bi. Matar hoton Paraska Ignatiuk ce. Tauraron ya haɗiye haruffa biyu, ni kuma na ɗauka ɗaya ne. 'Ya'yanta uku duk maza, kuma a Saskatoon ta zauna, ba ta taɓa zama a Dauphin, garin da kika ce taku Paraska ta zauna, ba.

Yanzu ya zan yi? Kakarki Olesia, wadda mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara uku, ta rataye hoton da na ba ki a saman murhu. A gabana ta shafa shi ta ce, "Hancina ne wannan sak, ɗan nan, ka gani?" Ta cika mini faranti har sau uku. Ni ma na ga hancin, wallahi na gani. Ta yaya baƙuwa za ta yi kama da mutum haka? In na yi shiru, tsohuwa mai shekara tamanin da takwas za ta ci gaba da yi wa uwar wasu barka da asuba. In na faɗa, na sake raba ta da uwa da hannuna.

Ga kuma abin da ya fi rikita ni, ya furen zuciyata. Duk Lahadin da kika gayyace ni, Emmett kike gayyata, ko mutumin da ya samo hoton? Murmushin nan naki mai kama da dawowar dinya a farkon bazara, nawa ne ko ladan aikina ne? Ban sani ba, kuma na kasa tambayarki ido da ido.

Ban daina nema ba. Akwai wata Paraska Natiuk a littafin wani coci kusa da Dauphin, da 'ya mace guda, amma babu hoto, kuma ba zan sake cewa ita ce ba sai na tabbata.

Ranar Lahadi zan zo da ƙarfe biyu. Kada ki gaya wa Kaka komai, ni na yi kuskuren, daga bakina za ta ji. In kin buɗe ƙofa, zan shiga in durƙusa a gabanta. In ba ki buɗe ba, zan koma Winnipeg in ci gaba da neman Paraska har in same ta, in aiko miki ta gidan waya.

Wanda zuciyarsa ba za ta sauya a kanki ba, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,

Emmett Sawatzky