Kwalbar da Ke Cikin Goran Ƙugiyoyi

Hajiya Rabi, ki taimake ni don Allah. Tsoro ya raba ni da tuwo, ni da ko ranar da jirgina ya kife sai da na nemi ƙari.

Masunci ne ni a tafkin Madarunfa. Na yi lakwal, wato boko, har aji huɗu, mushe, malaminmu ke nan, ya ce kaina raga ne, komai aka zuba sai ya tsiyaye, sai na bi ragar. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗiyata ta fari tana karatu a makarantar kiwon lafiyar jama'a ta jami'a. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san al'ada. Tun da aka raɗa shi bakina bai kama shi ba, in ta shigo zaure sai in tuna ina da aiki a waje. Da can, ɗaliban da ke zuwa garinmu amalanken jaki guda ya ishe su. Yanzu manyan motoci ke sauke su, wasu su wuce Gabi, wasu Safo. Su suka sa aka yi wa rijiyoyi murfi, suka koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma an daɗe amai da gudawa bai ɗauki yaro a unguwarmu ba. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri.

Bana tsargiya suka sa gaba. Kakana, wanda ya yi wayo tun Nasara ba su iso ba, cewa yake fitsarin jini shi ne shaidar yaro ya zama namiji. Ranar da na ga nawa har barka aka yi mini. Ɗaliban sun ce tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan dodon-koɗi na bakin ruwa. Mai gari ya ba ni shela don ina da baki. Na zaga gari ina cewa kowa ya kawo nasa fitsarin a kwalba, yau jami'a ta gano darajar abin da muke zubarwa bayan danga. Aka yi ta dariya, aka yi ta kaiwa, har liman. Saura mai shela.

Hajiya, jinin ya dawo mini tun da kaka, kuma ba irin na ƙuruciya ba ne. Gudaji-gudaji yake fita, mara tana zafi, wando ya yi mini yawa. Haka Ɗan Azumi abokin sana'ata ya fara. Muka ce ya sake balaga, shi ma yana dariya, bara muka kai shi makwancinsa. Ina tsoron a ce irin nasa ne, ga ƙanana a gida da ba su iya komai ba sai cin kifi. Sannan wadda ke zaune a teburin karɓar kwalabe ita ce ɗiyar nan. Yaya zan miƙa mata abu ja kamar zoɓo, ta ɗaga shi a rana, a gaban mutane?

Ko uwarta ban faɗa wa ba. Ita ma yarinyar karatu ya fara taɓa mata kai, don ta mance wata kwalba, ba suna sai lamba, cikin goran da nake zuba ƙugiyoyi. Ga wani ɗan ajinsu, Haruna, kullum da safe sai ya biyo bakin ruwa ya gaishe ni ya yi ta tsayuwa. Ina zaton aure yake nema, bai san surukin na yoyo ba. Ƙarshen watan nan za su koma. Mi zan yi?

Daga Mai Shela, Madarunfa

Amsa

Malam Mai Shela, ka sa ni dariya, amma ban ji daɗin abin da ka faɗa ba. Jini da gudaji ga mutum mai shekarunka, ga rama, ba abin jira ba ne. Yana iya zama tsargiya ce, wadda ƙwayoyi ke kashewa. Yana iya zama tsakuwa, ko rauni da tsutsar ta daɗe tana yi wa mafitsara, ko abin da ya fi haka. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma ba zan ruɗe ka in ce ba komai. Abin da na sani shi ne, Allah ya ji ƙan Ɗan Azumi, ba awo ne ya kai shi ba. Wanda ya je da wuri ya fi samun abin da za a yi masa.

Kunyar ɗiyar fari ba zan ce ka yar da ita ba, mu ma cikinta muka tashi. Amma an yi ta ne don girmamawa, ba don a bar yara marayu ba. Kuma ba sai ka karya ta ba. Ka faɗa wa mai ɗakinka yau, ita ke ganin tuwon da kake bari. Bayan awon fitsari, ka nemi a tura ka wurin likita a Maraɗi a yi hoton mara, ko da an ce tsargiya ce kawai. Ka ambaci gudajin da ramar a fili, ban da barkwanci.

Yanzu batun kwalba. Ka taɓa ganin ɗalibar kiwon lafiya ta mance kayan aikinta cikin goran ƙugiyoyi? Ta ga wandon nan kafin kai. Ba za ta iya tambayarka ba, kamar yadda ba ka iya kiran sunanta, shi ya sa ta ajiye kwalba mai lamba inda hannunka kaɗai ke shiga, ta turo namiji ya tsaya maka. Ta kiyaye kunyarka, saura kai ka raba ta da fargaba.

Gobe in Haruna ya gaishe ka, ka miƙa masa abin da yake jira. Maganar aure, in akwai ta, a yi ta kana tsaye da ƙafafunka. Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa ɗiyar nan albarka.

Hajiya Rabi