Wanda ya kashe min miji zai yi aure, kuma ni aka zo tambaya halinsa

Assalamu alaikum Admin da 'yan wannan gida. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara tsakaninku da Allah, kar a ji tsoron ɓacin raina.

Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a Nassarawa GRA muke zaune. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, kuma ba ciwo ya yi ba. Ya fito daga masallacin layinmu bayan la'asar yana tafe a gefen titi, ɗan maƙwabcinmu da abokansa suna wasan mota wai murnar bikin abokinsu, motar ta ƙwace wa yaron ta kwashe min miji. Maigadinmu ne ya shigo yana salati, na fita ko mayafi babu. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ina cikin takaba uban yaron, wanda babban mutum ne, ya kwashi dattawan unguwa suka je wajen 'yan'uwan mijina. Suka zauna a falon babban wansu aka ce ƙaddara ce, an yafe, aka janye magana daga hannun 'yan sanda. Ba wanda ya tambaye ni. Da na ji na kira Yaya, wato babban wan mijina, na ce ni aka bar wa marayu, da izinin wa aka yafe? Ya ce in ji tsoron Allah in zauna a ɗakina, shari'a ba za ta dawo da mamaci ba. Kafin arba'in an fitar da yaron waje karatu. Uwarsa kayan abinci ta aiko da direba, yaron kuwa har yau bai taɓa buɗe baki ya ce min in yi haƙuri ba.

Daga nan na lalace. Barci ya ƙaurace min, hawan jini ya kama ni, in na ji ƙarar taya sai jikina ya hau rawa. Har autana na mara don kawai ya ce yana son ya koyi mota. Babbar 'yata ce ta ja ni wajen wata likita mai kula da masu damuwa. Matar ta ce, "Hajiya, bayan sallar asuba kar ki tashi daga kan darduma. Ki bi numfashinki, shigarsa da fitarsa. In fushin ya taso kar ki kore shi, kar kuma ki bi shi, ki ce a ranki, ga fushi ya zo, ki lura a ina yake zama a jikinki." Da farko na ɗauka shirme ne, amma na jure, na haɗa da zikirina. Wallahi ya yi min amfani. Na gane a maƙogwaro yake tokare ni, kuma in na tsaya na kalle shi yana sassautawa. Barci ya dawo, na koma jin ɗanɗanon abinci, na iya zama da yarana mu yi hirar babansu har da dariya.

To, bana yaron ya dawo. Ya yi ƙiba, an saya masa sabuwar mota, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidana da kiɗa, ta daidai inda mijina ya faɗi. Sai ga labari wai an kai masa kuɗin aure. Satin da ya wuce wata baiwar Allah da muke aji ɗaya a islamiyya ta ja ni gefe, ashe ita ce uwar yarinyar da zai aura. Ba su daɗe da dawowa Kano ba, ta san dai hatsari ne ya kashe mijina, ba ta san waye ba. Ta ce, "Maman Ummi, an ce maƙwabtanku ne. Don Allah ki gaya min gaskiya, yaya halin yaron nan? 'Yata guda ce." Na ce mata zan kira ta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. So nake auren ya watse, uwarsa ta rasa bakin da za ta yi wa ƙawayenta bayani, uban ya ji kunyar da kuɗinsa ba za su rufe ba. Har na shirya zan ƙara da cewa yana shaye-shaye, alhali ji kawai na yi a bakin masu aiki, ban gani da idona ba. Yanzu in na zauna bin numfashin, abin da nake gani ke nan ƙarara, ba tausayin yarinyar ne ke tura ni ba, ramuwa ce. Na koma wajen likitar ta ce ita ba ta taɓa cewa in yafe ba, ta dai koya min in san abin da ke riƙe da ni kafin in buɗe baki. Babbar 'yata ta ce in faɗa, ai amana aka ba ni. Ƙanwata ta ce in yi shiru, mutanen nan suna da hannu, kuma 'ya'yana mata ma aure za su yi a unguwar nan.

Ni dai ban yafe ba, kuma ba a nemi yafiyata ba. In na yi shiru na ci amanar matar nan, in na faɗa na san da wace niyya na faɗa. Shin gaskiyar da aka faɗa don ramuwa tana nan a gaskiyarta a wajen Allah? In faɗi abin da na sani kaɗai, ko in ce ta tambayi wani? Ta kira ni sau biyu yau ban ɗaga ba, kuma gobe akwai islamiyya, kujerarta na kusa da tawa. Me zan ce mata?