Ni Na Canza Ruwan Kwalbar, 'Yata Aka Kira Maƙaryaciya

Anti, ki taimake ni. Amma kafin nan ina jan kunnen duk uwar da ke karanta wannan fili: idan aka ba ɗanki aiki daga makaranta, ki ɗauke hannunki daga kai. Ni ban ɗauke nawa ba, ga shi yau sati biyu abinci ba ya mini daɗi.

Ni mace ce da ba ta wasa da tarbiyya. 'Ya'yana huɗu, kuma kowa a layinmu ya san a gidana ba a ƙarya, ba a barin kwano da datti. Na gama sakandare, ni ba jahila ba ce, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Wata uku ke nan ma'aikatan hukumar ruwa suna zuwa makarantar 'yata ta biyu, mai shekara goma sha uku, duk ranar Laraba. Suna koya musu inda ruwan famfo yake fitowa da yadda ake tace shi. Yarinyar nan ta ɗauki abin da zafi. Ta hana mu barin famfo yana ɗiga, ta hana ƙannenta tsoma hannu a bokitin sha, har babanta ya sa mata suna Injiniya. Da aka ce za a kai yara goma matatar ruwa su ga manyan injuna, sunanta ne na farko a takarda.

Sai aka raba musu kwalabe masu lamba, kowa ya ɗebo ruwan famfon gidansu da safe. Ta cika tata, ta ajiye a kan tebur, ta shiga wanka. Na ɗaga kwalbar a hasken taga, na ga ruwan bai yi garau ba. Nan take zuciyata ta ba ni cewa jera kwalaben za a yi a gaban aji, a ce ga gidan masu tsabta, ga gidan ƙazamai. Ɗan matar tela da muke katanga ɗaya ajinsu guda, uwarsa kuwa ba ta ganin abu ta yi shiru. Na zubar da ruwan, na cika kwalbar da ruwan roba da nake ajiye wa baƙi, na goge ta, na mayar inda take.

Ashe ba tsabtar gidaje ake aunawa ba. Bututu ne suke zargin ya fashe kusa da kwata, suna son gane wurin. Suka ɗiga magani a kwalaben, bayan kwana biyu na layinmu duk suka yi baƙi, tata kaɗai ta tsaya fes. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi mamaki, domin gidanmu a tsakiyar layin yake. Ya zo da kansa ya ɗebi ruwan famfonmu, ina ta rawar jiki ina ba shi kujera. Ruwan da ya ɗiba ma ya yi baƙi kamar na kowa.

Malamarsu ta tsayar da ita a gaban aji. Ta rantse da Allah daga famfo ta ɗebo. Malama ta ce wadda ta yi ƙarya a kan kwalba ɗaya ba za a kai ta inda ake tace ruwan gari ba, ta soke sunanta. Yanzu yara Injiniyar Bogi suke ce mata.

Ga inda na fi jin kunya. Da ta dawo tana kuka, babanta yana zaune, sai na rufe ta da faɗa, na ce ta ji tsoron Allah ta faɗi gaskiya. Da bakin nan nawa, Anti. Ta dube ni, ta dubi robar ruwan baƙi da ke kan firij, wadda ta san ba a yi baƙo ba amma ta ragu. Ta juya ta shige ɗaki. Tun ranar, famfo yana ɗiga take wucewa. Babanta ya kira ta Injiniya, ta ce don Allah ya daina.

Ranar Alhamis mai zuwa za a yi tafiyar. Idan na je makaranta na tona kaina, da wane ido zan ƙara tsawata wa yaran nan? Wa zai ƙara jin maganata? An dai gyara bututun, ni kuma na kafa doka a gidana: daga yau ba mai taɓa jakar makarantar wani ko aikinsa, har ni. Wannan bai isa ba?

Maman yara huɗu

AMSA

Maman Injiniya, haka zan kira ki, domin sunan nan bai kamata ya mutu ba.

Bai isa ba. Dokarki tana da kyau, ki bar ta, amma aikin gobe take karewa. Yarinyar kuwa an riga an zalunce ta, kuma har yanzu tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Zan yi miki adalci. Ba mugunta ce ta sa kika canza ruwan ba, tsoron bakin maƙwabta ne, kuma iyaye da yawa da sun yi irinsa. Da a nan abin ya tsaya, da kuskure zan kira shi. Faɗan da kika yi mata a gaban babanta, kina sane, shi ne babban laifin.

Kina tsoron girmanki zai zube. Ai ita ta riga ta sani. Sati biyu ke nan tana rufa miki asiri, ana yi mata dariya ba ta ambaci sunanki ba. Wannan tarbiyyarki ce, kada ki bari ta koyi cewa mai gaskiya shi ke kwana a ciki.

Yau ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ce ke kika canza, ta yafe miki. Kada ki haɗa da wa'azi, kada ki kawo zancen matar tela. Sannan ki faɗa wa babanta da kanki. Gobe da safe ki je wajen malamar, ki roƙe ta abu biyu: ta wanke yarinyar a gaban ajin da ta tsayar da ita, ta kuma sanar da ma'aikacin ruwa a mayar da sunanta. Ita ma malamar ta yi gaggawar yanke hukunci, amma ba ke za ki gaya mata ba. Idan motar ta cika, ki nemi a sa ta a tafiya ta gaba. Wanke sunanta ya fi tafiyar.

Layinku zai yi surutu kwana uku, ki daure. Kada kuma ki matsa mata ta sake da ke nan take. Ranar da kika ji ta daka wa wani tsawa a kan famfo, ko da ke ce, ki yi shiru ki je ki rufe.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya yi wa Injiniya albarka.

Anti