Ƙirjin da Ya Shayar da Bakwai

Sabon Gari, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Lovelyn,

Ki yi mini afuwa da zan dame ki da takarda alhali kina fama da jego ga karatu. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in ɗauki biro. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Bernard, da angona Raphael da har yau ban sa shi a ido ba. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Kin san ina cikin takabar Babanku Malam Ahmadu, ba halin fita, da tuni na hau keke-napep na zo Samaru da kaina. Waya kuma ba ta da sirri a gidan nan. Da na kara ta a kunne jikoki sun kewaye ni, ga masu shigowa gaisuwa, maganar kuwa ba ta gaban jama'a ba ce. Shi ya sa na ba Keziya, maƙwabciyarmu mai kai kayan miya kasuwar Samaru, ta miƙa miki hannu da hannu.

Ita ce ta shigo jiya ta zauna tana ta kame-kame, sai da na ce, "Keziya, in da magana ki faɗe ta, tuwona na kan wuta." Ta ce ta leƙa ku ta tarar da yaro da bulumboti a baki, yana gudawa, ya faɗa. Ke kuma kin ɗaure ƙirjinki tamau da gyale a ƙarƙashin riga, kina numfashi sama-sama. Ta tambaye ki, kin ce nono ne ba ya zuwa.

Ban ƙaryata ki ba, ban kuma ɗauki maganar Keziya duka ba, domin zato zunubi ne. Sai dai abin da na sani, wadda nono ba ya zo mata ba ta ɗaure shi.

Ina da bakin tambaya, 'yata. Mamanki Lucia tana kwance asibiti aka miƙo mini ke cikin zane, ina goyon Ridwan. Ke a hagu, shi a dama, har Allah ya tashi kafaɗunta. A wurinmu wannan ya mai da ke 'yata ta haƙiƙa, ba ta fatar baki ba. Ban kira Lucia a Zonkwa ba, ban gaya wa kowa ba. Ki faɗa mini abin da ke faruwa.

Allah ya raya mana Raphael.

Mamanki,
Nana Hafsat

Samaru, ranar Alhamis

Mama Nana,

Barka da hutawa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba. Na ga takardarki. Keziya kuwa, gidan rediyon Sabon Gari, ban ma gama ba ta ruwa ba ashe ta gama haɗa labarai.

To, ba zan yi miki ƙarya ba. Nono yana nan, har jiƙa mini riga yake yi a aji. Ni ce na cire shi.

Akwai wata ƙawata da muke digiri na biyu tare, Modupe. Ɗanta ko wata biyu bai yi ba ta koma madarar gwangwani, ki gan ta yau, kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Wata ƙawarmu Nwamaka kuma ta shayar shekara ɗaya da rabi. Ran nan ta ɗaga mana riga a ɗaki tana dariya, ta ce, "Ku kalli silifa, saura igiya kawai." Muka yi ta dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Na dawo gida na tsaya gaban madubi, Mama, nawa ma sun fara sauka. Shekarata ashirin da shida fa. Na tambayi Bernard, ya ce, "Jikinki ne, ke kika sani." Gara ma ya zage ni da wannan amsar.

Sai na sayi wani mai a kasuwa da aka ce yana ɗaga su, Modupe ta koya mini ɗaurin. Akwai ciwo kam, sun yi tauri kamar dutse, amma ta ce in daure zai ƙafe. Gudawar Raphael canjin madara ne, za ta wuce.

Zan faɗi wata magana, don Allah kada ki ji haushi. Tun ina ƙarama nake ganin ki da ɗaurin ƙirji kina daka a tsakar gida. Ina ƙaunarki fiye da yadda zan iya rubutawa, amma ba na so in koma haka. Zamaninku daban, namu daban. Shi ya sa ma ban kawo miki shi ba, na san kallo ɗaya za ki yi mini ki gane.

Abeg, don Allah kada Mami Lucia ta ji.

'Yarki,
Lovelyn

Sabon Gari, ranar Juma'a

'Yata Lovelyn,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta takardarki sau biyu. Na farko na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na tashi na yi alwala, na dawo na sake karantawa, sai na ga ashe yarinya ce ta tsorata. Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba.

Na yi istigfari kafin in rubuta abin da zai biyo, domin alfahari ba hali ne mai kyau ba. Amma an ce a ambaci ni'ima, to zan ambata.

Ƙirjin nan da kika gani a bakin turmi ya shayar da mutum bakwai. Shida nawa, ke ta bakwai. A cikinku ba wanda ya san bulumboti. Shekarar da ciwon gudawa ya shiga layinmu, gidaje nawa aka fitar da 'yan jarirai, ke da Ridwan kuna maƙale da ni kuna shure-shure kamar 'yan awaki. Yau Umar Farouk yana koyarwa, Bilkisu tana da shagonta, ke kina jami'a kina rubuto mini Hausa da Turanci a cakuɗe. In na kalli jikina wajen wanka, ku nake gani.

Ba zan ce miki babu wahala ba. Lokacin zafi ƙarƙashinsu yana yin ja da ƙaiƙayi, sai na tsane wurin sosai na barbaɗa hoda. Kafaɗata takan riƙe in na daɗe a tsaye. Iyakar abin ke nan. Bai taɓa kwantar da ni ba, bai hana ni salla ba.

Jikata Naila ta taɓa shigowa ina sauya riga, ta tsaya ta ƙura mini ido ta ce, "Inna, me ya sa naki suke barci?" Na ce, "Sun gama aikinsu, sun kwanta hutu. Ke da ba ki tsinana komai ba ma ai barcin kike yi." Babanku yana ƙofa ya ji, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Rumbun da ya ci da gida ba a yi masa gorin karkacewa." Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Yanzu da ba ya nan nakan tuna.

Bernard kuma, a ganina kunya ce ta kama bakinsa, ba rashin kula ba. Maza da yawa haka suke, a tambaye su abu mai nauyi sai su nemi ƙofa.

A makarantar allo an karantar da mu cewa nono haƙƙin yaro ne, shekara biyu ga wadda ta samu iko. Ba zan ɗora miki karatunmu ba, kina da naki. Kuma akwai matan da larura ke hana su, ba mai ganin laifinsu. Ke dai ba ki cikinsu.

Yanzu ki ajiye maganar kyau gefe. Keziya ta ce jiya da ta karɓi takarda hannunki zafi rau, kina rawar ɗari da rana tsaka. Nonon da aka tsare ya yi tauri, ga zazzaɓi, na ga inda ya kai wata mata sai da aka tsaga mata. Ki kwance gyalen nan yau. Ki ɗauki yaro ku je asibiti ku biyu, a duba ki a duba shi. In kin ƙi, zan kira Lucia duk da roƙonki, na kuwa gaya miki tun kafin in yi, don kada ya zama cin amana.

Allah ya ba ku lafiya.

Mamanki,
Nana Hafsat

Samaru, ranar Laraba

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Shirun da kika ji, muna asibiti ne. Ban je ranar da kika ce ba, taurin kai. Washegari Bernard ya dawo ya tarar ina sambatu, Raphael ko kuka ba ya iyawa. Shi aka yi masa ƙarin ruwa, ni kuma nonona na dama ya kumbura ya yi ja. Allah ya taimaka bai tara ruwa ba, allura da ƙwayoyi suka isa. Likita ya ce ɗaurin ne ya toshe hanyoyin nonon. Mun dawo gida jiya.

Wata sista, ma'aikaciyar jinya, mai suna Daberechi ce ta kwance gyalen. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Madam, akuya kika ɗaure ko mutum?" Da na gaya mata dalili ta ja kujera ta zauna. Ta ce ba shayarwa ke zubar da nono ba. Cikin ne da kansa: yana cika su, fata da jijiyoyin da ke riƙe da su su miƙe, bayan nan su saki, ko an shayar ko ba a shayar ba. Kowane ciki yana ƙara nasa. Sai shekaru, sai gado, sai ƙiba da rama a kai a kai, sai girman nonon, sai taba sigari ga masu sha. Na ce Modupe fa? Ta ce, "Je ki kalli uwar Modupe, ko ki kalli rigar nonon da take sawa." Man da na saya kuwa, ta karanta kwalbar ta jefa a kwandon shara, ta ce ba man da ke ɗaga abin da ya sauka.

Ta ce zubewar ba cuta ba ce. Ƙaiƙayin nan da ciwon kafaɗa da kika faɗa, su ɗin ne dai, maganinsu tsane jiki da rigar nono daidai mutum. Abin da ake gudu shi ne a ji ƙullutu, ko ɗaya ya sauya kama shi kaɗai, ko fata ta lotsa, ko kan ya shige ciki ko ya fid da jini. Wannan ba jira. Ki gaya wa Bilkisu da matan gidan.

Don haka, Mama, tsokanar da kike mini cewa ni na ja miki na hagu ƙasa, kotu ta wanke ni.

Bernard ya yi kuka a asibiti, ban taɓa gani ba. Ya ce ya ɗauka in ya ce in shayar zan ce ya mai da ni saniya. Kin yi gaskiya a kansa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na mayar da Raphael kan nono, ya ƙi. Ya saba da robar, in na kai masa sai ya kau da kai ya sandare yana ihu, kamar bai san ni ba. Nonon ma ya ja baya. Sista ta ce in yi ta gwadawa ina tatsa, zai iya dawowa. Amma ɗana yana ture ni da hannu, Mama. Maganar da na faɗa miki ta bakin turmi, da zan iya haɗiye ta da na haɗiye.

'Yarki,
Lovelyn

Sabon Gari, ranar Alhamis

'Yata,

Alhamdu lillahi da kuka dawo gida da ƙafafunku. Maganar turmi ta wuce, ban riƙe ki ba. Ki gaida mini Sista Daberechi, na karɓi karatunta, na kuma isar wa matan gidan. Sai dai hukuncin kotunku ban sa hannu ba. Na hagun nan naki ne, ki bar mini abina.

Yanzu ki saurara. Ke ma kin ƙi ni. Kafin a kawo mini ke an yi ta ɗura miki ruwan sukari da cokali, da na kai ki ƙirji kika sandare kina tsala ihu har maƙwabta suka leƙo. Babanku ya ce a haƙura. Ban haƙura ba. Na tuɓe ki, na zura ki cikin rigata, fata da fata, na yini da ke a haka ina aikina. Ban tura miki nonon ba, ban jira sai yunwa ta haukata ki ba. Sai kina tsakanin barci da farkawa nake ɗiga miki a leɓe. Mun ɗauki kwanaki. Wata rana da la'asar ina zaune ina tsince shinkafa, sai na ji an kama ni da ƙarfi har tiren ya zube. Ban tsince shinkafar nan ba, kaji na bar wa.

Ki yi masa haka. Madarar da suka ce ki ci gaba da ba shi kafin naki ya dawo, ki ba shi yadda suka nuna miki, kada ki bar shi da yunwa. Ki sha kunun kanwa, ki sha ruwa, Bernard ya yi wanke-wanke, ba zai mutu ba. Yaron bai manta ki ba, fushi yake yi, kuma na san inda ya gado.

Keziya za ta biyo ta wurinki gobe da safe. Ba sai kin cika takarda ba, ki rubuta mini ko ya kama. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Mamanki,
Nana Hafsat